Jarka biyu da buhun yashi: yadda nake gina ƙarfin 'yan ƙwallona

Lokacin da na fara horar da yaran unguwarmu a Kano, abu ɗaya na sani, zagayen fili. Sau goma sha biyar kafin a taɓa ƙwallo, wanda ya makara kuma ya yi tsallen kwaɗo. Yaran ba sa haki da wuri, amma ko kafaɗa aka goga wa ɗayansu sai ka gan shi a ƙasa, kuma wata ba ya ƙarewa sai wani ya dafe bayan cinya ya fita daga fili. Numfashi suna da shi, ƙarfi ne babu.

Ƙarfi kaya ne ke kawo shi, kayan da ake ƙara wa nauyi kaɗan-kaɗan. Girkawa suna ba da labarin wani ɗan kokawarsu, Milo, wai kullum sai ya saɓa maraƙi a kafaɗa, maraƙin na girma shi ma ƙarfinsa na ƙaruwa, har ya wayi gari bijimi yake ɗauka. (Sunansa ne aka sa wa Milo ɗin da muke haɗa shayi da shi.) Mu ba mu da maraƙi, kuɗin gidan motsa jiki ma ba mu da shi. Jarka muke da ita. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, ka ga jarka mai lita 25 sikeli ce da kanta: wannan makon ka zuba lita 12, mako mai zuwa 14.

Litinin da Alhamis muke aikin ƙarfi, don tsoka na bukatar kamar kwana biyu kafin ta warware. Mukan fara da ɗumama jiki na minti goma sha biyar, sassarfa da ɗaga gwiwa da tafiyar gefe, har gumi ya tsattsafo.

Daga nan sai tsuguno, wanda shi ne uban tafiyar. Ka rungumi jarka a ƙirji, ƙafafu a buɗe daidai faɗin kafaɗa, ka sauka kamar mai neman zama a kujerar tsakar gida har cinya ta yi daidai da gwiwa, sannan ka tashi. Diddige kada ya bar ƙasa, baya kada ya lanƙwashe, gwiwoyi kada su faɗo ciki. Sau takwas, a huta minti biyu, a maimaita har zubi uku. Hutun nan shi ne yara suka fi raina wa, suna ganin lalaci ne, alhali wanda bai huta ba zubi na uku da bayansa zai ɗaga jarkar maimakon ƙafa. Ranar da ka ga sau takwas ɗin ya zama wasa, har kana iya hira a ciki, ƙara ruwa. Idan jarka ta cika, koma buhun yashi a kafaɗa, ko kuma ka yi da ƙafa ɗaya, ɗayar ka ɗora ta a benci ta baya.

Abu na biyu shi ne wanda ya raba ni da ciwon bayan cinya, ana ce masa Nodik. Ka durƙusa a kan tabarma, abokinka ya danne maka idon sawu da kyau. Daga gwiwa har kai jiki a miƙe kamar tabarya, sai ka riƙa tafiya gaba a hankali kana hana kanka faɗuwa, in ƙarfi ya ƙare ka tare ƙasa da tafin hannu. A 2019 masana sun haɗa sakamakon bincike 15 da aka yi a kan 'yan wasa fiye da 8,000, suka ga wannan atisayen yana rage raunin tsokar bayan cinya da kusan rabi. Sai dai a bi shi sannu. Makon farko sau biyar zubi biyu ya isa, don ni da na yi wa kaina gwaninta ranar farko, kwana uku ina ruku'u da ƙyar.

Sauran ba su da wuya: ɗaukar jarka biyu, ɗaya a kowane hannu, a yi tafiyar mita 30 ba tare da karkacewa ba, sai tura ƙasa da hannu a rub-da-ciki, sai lilo a ƙarfen raga a ɗaga jiki har haɓa ta wuce shi.

Gudu kuwa na daina na dogon zango, sai can ba a rasa ba. Ɗan ƙwallo ba ya cin wasa da sassarfa, da fizga yake ci. Ran Talata mukan yi gudun mita 20 da iyakar ƙarfi, sau shida zuwa takwas, kowane ɗaya a dawo da tafiya a huta sosai. Da na ga gudun yaro ya fara raguwa nake tsayar da shi, don daga nan gajiya yake tarawa kawai.

Yaran da ba su balaga ba, nauyin jikinsu da jarka mara nauyi sun ishe su har sai sun iya tsugunon daidai. Kuma kowa ne, in ya ji zafi mai suka a gaɓa, ba tsamin jiki ba, ya ajiye kayan.

Batun ciki kuma, ba sai ka sayi garin gina tsoka na gwangwani mai tsada ba. Wake, ƙwai, awara, ƙuli-ƙuli, kifi, fura da nono, duk suna gina tsoka, in dai ana samun barcin awa takwas. A zafin Afrilu bayan sallar asuba muke fita, kowa da ruwan ledarsa biyu. Da azumi kuwa nakan rage zubi uku zuwa biyu, nauyin ya tsaya inda yake, mu mayar da atisayen bayan an sauko daga tarawihi.