Babi na 6: Karanta Hatimin da ke Jikin Takardar Cakulan

Darasi na 1

Iyaye da 'yan uwa, kowa ya ciro takardar cakulan da na ce a zo da ita. Ko an shanye abin da ke ciki ba komai, takardar muke so. Ku buɗe ta, ku shimfiɗa a kan teburi.

Da 'ya'yan itacen koko ake yin cakulan. Fiye da rabin kokon duniya daga ƙasashe biyu yake fitowa, Kwaddibuwa da Gana, kuma ƙananan manoma ne ke nomansa. Da yawansu abin da suke samu ba ya isa riƙon gida, sai a sa yara aikin da ya fi ƙarfinsu: sara da adda, dakon buhu, feshin maganin ƙwari. A 2001 manyan kamfanonin cakulan suka sa hannu a yarjejeniyar Harkin da Engel, suka yi alkawarin kawar da mafi munin wannan aiki. A 2020 cibiyar NORC ta Jami'ar Shikago ta fitar da bincike, ta ce har lokacin yara kimanin miliyan 1.56 ne ke aikin ƙwadago a gonakin koko a ƙasashen nan biyu. Shi ya sa muke koyon karanta hatimi.

Hatimi ɗan ƙaramin zane ne da wata ƙungiya ta daban, wadda ba ita ta yi cakulan ɗin ba, take ba da izinin a buga. Biyu za mu koya. Na Fairtrade baƙi ne, da launin shuɗi da kore, da surar mutum ya ɗaga hannu. Na Rainforest Alliance kwaɗo ne a cikin da'ira. Wanda takardarsa ta tsufa yana iya ganin haruffa uku, UTZ. Wannan ƙungiya ta haɗe da masu kwaɗo a 2018.

Ku duba gaba. In ba ku gani ba, ku juya baya. In babu a baya, ku ɗaga bakin takardar inda aka manne. Wanda ya gani ya ɗora yatsa a kai, kada ya ɗauke.

Darasi na 2

Nan ne ake tuntuɓe, don haka za mu tafi a hankali.

A gaban takardu da yawa akwai babbar lamba da wata alama a gefenta, kamar haka: 70%. Ana karanta ta "kashi 70 cikin ɗari". Wannan lamba ba hatimi ba ce. Yawan kokon da ke cikin cakulan take faɗa. Idan an rubuta 70%, koko ne kashi 70, sauran 30 sukari ne da makamantansa. Ba ta ce komai a kan manomi ba. Ba ta ce komai a kan yara ba.

Mu sake. Yatsan dama a kan hatimi, yatsan hagu a kan lamba. Hatimi yana magana a kan yadda aka noma koko da yadda aka saye shi. Lamba tana magana a kan yawansa. Ku faɗa da baki: hatimi, yadda aka noma; lamba, yawa.

Madalla. Wanda ya ruɗe kada ya ji kunya, lambar ce aka yi ƙatuwa, hatimin kuwa ɗan ƙanƙane, dole ido ya fara sauka a kanta. Wata baiwar Allah a ajin bara sai da muka yi sau shida kafin abin ya zauna mata, yau ita take nuna wa wasu.

Gwaji. Ga cakulan mai 85% babu hatimi, ga mai 30% da kwaɗo a jiki. Wanne ne masu bincike suka duba gonakin da ke da alaƙa da shi? Mai 30%. Wanda ya ce mai 85%, ya koma sama ya sake karantawa. Babbar lamba koko ne ya yi yawa, shi ke nan.

Sai kuma hoto. Za ku ga manomi yana murmushi, ko ganye kore shar, ko wata alama mai kyau da kamfanin ya zana wa kansa, irin su Cocoa Life da Cocoa Plan. Waɗannan shirye-shiryen kamfanoni ne. Ban ce ba su da amfani ba, amma mai kaya ne yake yabon kayansa, kuma yabon kai daban, shaidar wani daban.

Haba jama'a! Makon jiya mutum huɗu suka kawo mini takarda suna nuna lamba suna cewa sun sami hatimi. Ni ba na gajiya da maimaitawa, amma ku ma ku riƙa dubawa a gida. Ilimin da aka bari a aji ba ya bin mutum. Yatsan dama hatimi, yatsan hagu lamba. A sake sau uku kafin a wuce.

Darasi na 3

Me hatimin Fairtrade yake nufi a kuɗi? A 2019 ƙungiyar ta sa mafi ƙarancin farashi dala 2,400 a kan tan ɗaya na koko, da ƙarin dala 240 da ake ba ƙungiyar manoma, su zauna su yanke abin da za a yi da shi, ko rijiya, ko aji, ko taki. Tan ɗaya kilo 1,000 ne.

Lissafi da farashin 2019: ƙungiyar manoma ta sayar da tan 5. Nawa ne ƙarin? 240 sau 5, dala 1,200.

Hatimi ba ya nufin babu yaro ko ɗaya a gonar. Masu bincike zuwa suke yi su tafi, ba kwana suke yi a can ba.

Darasi na 4

Wani lokaci ana gauraya koko mai shaida da marar shaida a masana'anta. Kamfani ya sayi tan 10 mai shaida, sai a ba shi izinin buga hatimi a kan cakulan da aka yi da koko tan 10, ko da ba ainihin 'ya'yan ne suka shiga ciki ba. Ana rubuta wannan da ƙananan haruffa a baya, kusa da jerin kayan haɗi. Ku nema.

Darasi na 5

A zo da takardu biyu. A zagaye hatimi da jan biro, a ja layi ƙarƙashin lamba.