Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Auna Ingancin Murhun Itace

Idan aka ce murhu na da ingancin kashi 35 cikin ɗari, ana nufin kashi 35 ne na zafin da ke cikin itacen ya shiga tukunya, sauran ya bi iska. Gwajin da aka fi amfani da shi wajen samo wannan adadi shi ne na tafasa ruwa: a ɗora lita 5 a kan murhu mai sanyi, a maimaita bayan ya yi zafi, sannan a rage wuta a bar ruwan yana ɓararraka na minti 45. Ba wuya a baki, amma a nan ake tafka kurakuran da ke sa murhu ya yi kyau a takarda, ya ci amanar mai girki a gida.

Babban kuskure shi ne damshin itace. Mutum ya taɓa ice ya ji shi ƙamas, sai ya ɗauka babu ruwa a ciki, alhali akwai. Gyaran shi ne a yanki guntu, a auna, a busar da shi a tanda mai zafin digiri 103 na Salshiyas har nauyinsa ya daina raguwa. Ko a nan ma akwai tarko. Guntun da ya sauka daga giram 100 zuwa 80, damshinsa kashi 20 ne idan an raba da nauyin ɗanye, amma kashi 25 ne idan an raba da nauyin busasshe. Duka biyun daidai ne. Ɓarnar ita ce a ɗauko ɗaya a saka a lissafin da ke buƙatar ɗayan, ko a rubuta adadi ba a faɗi wanne ba ne.

Sai garwashin da ya rage. Kilo ɗaya na busasshen itace na ɗauke da zafi kusan megajul (ma'aunin makamashi; megajul ɗaya kilojul 1,000 ne) 18 zuwa 19, na gawayi kuwa kusan 29. Saboda haka wanda ya kwashe garwashi ya auna, ya cire shi daga makamashin da aka ƙona, ingancin murhunsa zai haura sosai, musamman a murhun da ke mai da itace gawayi. Ni a ganina wannan cirewar ba ta halatta sai idan da gaske za a sake amfani da gawayin. In zubarwa ake yi da toka, asara ce. A kawo adadi biyu, da cirewa da kuma ba cirewa.

Akwai wata dabara da ke ba ni takaici. Lissafin yana ɗaukar tururin da ya tashi a matsayin aiki, kilojul 2,260 a kan kowane kilo na ruwan da ya ƙone. Sai a zuga wuta, ruwa ya yi ta ƙafewa, adadi ya hau, ice kuma ya ƙare da sauri. Shi ya sa dole a faɗi giram nawa na itace aka ci a kan kowace lita, a kuma faɗi ko an rufe tukunyar.

Kada a rubuta da ka cewa ruwa ya tafasa a digiri 100: duk hawan mita 300 daga matakin teku na rage wurin tafasar ruwa da kusan digiri ɗaya. Kuma gwaji sau ɗaya ba gwaji ba ne. Aƙalla uku, a nuna tazarar da ke tsakaninsu.

Kuskuren da ya fi cutarwa shi ne a ɗauki sakamakon ɗakin gwaji a ce shi ne itacen da iyali za su rage. Ma'aunin ISO 19867-1 na 2018, ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta gwajin murhu, na ɗakin gwaji ne, inda ƙwararre ke saka itace tsinke-tsinke, ba iska, ba abin da ke ɗauke masa hankali. Haka kuma a kan kwatanta sabon murhu da na duwatsu uku da aka hura da ganganci, bayan kuwa gwanar girki na iya sarrafa nata ya ci ice kaɗan. A gida, sau da yawa tsohon murhu na nan yana aiki kusa da sabon. Mai son faɗin abin da aka rage sai ya shiga gidaje da sikeli, ya auna itacen da ake ƙonawa kullum na kwanaki uku ko fiye, kafin kawo murhun da bayansa, ya kuma ƙirga bakin da aka ciyar kowace rana.