Yadda za ka tada tsohon babur ɗin Ingila da ya zo maka a kwali

To idan Allah ya haɗa ka da irin wannan ciniki, wato Triumph ko BSA ko Norton da wani ya wargaza shekaru aru-aru ya zuba a kwalaye, don Allah kar ka fara da sayen fenti. Abu na farko ka nemo lambar firem da ta inji, don su ne za su gaya maka wane babur ne a gabanka da shekarar da aka ƙera shi, sau da yawa za ka tarar firem na wata shekara ne inji na wata daban. Misali Triumph mai 650 kafin 1963 injinsa daban akwatin giyarsa daban, daga 1963 aka haɗe su gida ɗaya, ka ga kayan wannan ba za su zauna a wancan ba. Da lambar nan za ka nemi littafin kayan gyara na ainihin shekarar, mai zanen kowane noti da washa.

Sai ka shimfiɗa tabarma ko babban kwali ka baje komai, ka wanke da kananzir, kana duba littafi kana sa alama, kayan birki gefe, na lantarki gefe, kowanne a leda da rubutu, ka ɗau hoto da waya. Kar ka yar da komai ko da tsatsa ta cinye shi, shi ne samfurin da za ka auna sabo da shi.

Maganar sifana kuwa, nan mutane ke ɓarna wallahi. Baburan nan ba milimita suke ba, awon inci na Ingila ne, wato Whitworth da BSF, da wani na kekuna mai haƙora 26 a inci ɗaya, sai wajen ƙarshen shekarun 1960 suka fara komawa UNF, awon inci irin na Amurka. Sifanar zamani za ta yi kamar ta kama, kana ja sai ta murje kan notin. Ka sayi tasu, kuma duk notin da bai shiga da hannu ba kar ka matsa masa.

Ni abin da na fi dagewa a kai shi ne ka haɗa babur ɗin gaba ɗaya tun yana da dattinsa, firem, tayoyi, tanki, inji ko da fanko ne, salansa, komai, sannan ka sake kwancewa ka kai fenti. A nan za ka gano firem ya karkace ko wani kunne ya karye yana son walda, gara ka gani yanzu da ka gani bayan fenti ya sha kuɗi.

Cikin inji akwai wurin da ba a tsallakewa. Karanshaf ɗin Triumph da BSA masu silinda biyu yana da wani rami a ciki da ke tara dattin baƙin mai, idan ka kwance murfinsa za ka ga abin ya daskare baƙi ƙirin kamar busasshen kwalta, sai ka sa ƙarfe ka kankare. Ka bar shi, ranar da ya toshe hanyar mai inji ya tafi kenan. Tankin baƙin mai ma daban yake da inji, a wanke shi tas har da bututunsa. Boris da ringi da gasket sababbi kawai.

Wayarin kar ka tsaya lallaɓa tsohuwa, sa sabuwa, amma ka tuna kayan lantarki na kamfanin Lucas na wancan zamani yawanci ƙafar batir mai alamar + ce ke zuwa jikin firem, akasin na yanzu, kuma ka duba ko 6 volt ne ko 12. Kafireta Amal idan cikinta ya cinye ba za ta taɓa ba ka silo mai kyau ba, canza ta.

Ranar tayarwa, kana buga kik ya kama, maza buɗe tankin baƙin mai ka leƙa ka ga mai yana dawowa, in bai dawo ba kashe shi nan take. Kuma kafin ka hau titi ka saba wa ƙafarka, yawancin na kafin 1975 giya a dama take, birki a hagu.