Darasi na Bakwai: Tara Kuɗin Kafin Alƙalami na Gida

Mai haya ya san ranar da wa'adinsa zai cika. Sau da yawa ba a kai ranar ba mai gida zai aiko a faɗa masa an ƙara kuɗi. Shi ya sa kusan kowane magidanci yake da burin mallakar nasa, ko da ɗaki biyu ne da banɗaki. Ba kasafai ake biyan kuɗin gida ko fili lokaci guda ba. Akan fara ba da wani kaso, wato kafin alƙalami, sannan a cika sauran a hankali bisa yarjejeniya. Wannan darasi zai nuna yadda ake tara wannan kuɗi na farko.

Fara da rubutu

Sayi ƙaramin littafi. Shafin dama na abin da ya shigo, shafin hagu na abin da ya fita. Rubuta komai har wata guda, har da kuɗin kati, da shayin safe, da abin da ka ba yara su sayi alewa. Kada ka dogara da tunani. Manyan kuɗi kowa yana tuna su, ƙananan ne suke zurarewa ba a sani ba. Idan hannunka bai faɗa da rubuta kalmomi ba tukuna, yi alama: zanen kwano don cefane, zanen ɗaki don haya, sai ka sa lambar a gefe.

Ga misali. A ce wani tela yana samun N150,000 a wata. Cefane yana cin N70,000. Hayarsa N180,000 ce a shekara, wato N15,000 a wata. Kuɗin makarantar yara N10,000, kuɗin mota da kati N12,000, wuta da ruwa N6,000, magani N7,000, hidimar 'yan uwa da ta biki N10,000. Jimilla N130,000. Saura N20,000.

Lura da hayar nan. Sau ɗaya ake biyanta a shekara, amma an raba ta gida 12 an sa a lissafin kowane wata. Wanda bai yi haka ba, ranar da haya ta zo, kuɗin gidan da ya tara zai kwasa ya biya, ya koma farko.

Nawa ake nema?

Telan ya ga fuloti a bayan gari, an yi masa farashi N1,500,000. Mai filin ya yarda a fara ba shi kashi ɗaya cikin uku, wato N500,000. Nan ne mutane da yawa suke tsayar da lissafi, alhali da sauran hidima. Akwai la'adar dillali. A ce kashi 5 cikin 100 aka yi da shi, N75,000 ke nan. Akwai kuɗin awo da na rubuta takardar ciniki, a ce N25,000. Abin da telan yake nema a zahiri N600,000 ne.

Raba N600,000 da N20,000, ka sami wata 30, shekara biyu da rabi. Idan ya rage N5,000 daga kati da hidimar biki, ajiyarsa ta zama N25,000, lokacin ya dawo wata 24. Dubu biyar kacal ta rage masa wata shida.

Hidimar biki tana da wuyar taɓawa, mun sani. Anko, gudummawa, suna, duk zumunci ne, kuma ba a ce a yanke zumunci ba. Abin da ake so shi ne a yanka mata adadi tun farkon wata, idan ya ƙare ya ƙare. Wannan magana ce ta miji da mata tare. Maigidan da ya ɓoye wa uwargida shirinsa, zai ga kamar tana ɓarna, ita kuma ta ga kamar ya fara rowa. Idan ta san fili ake nema, sau da yawa ita ce za ta fi shi tsumulmular.

Cire kuɗin ajiya ranar da kuɗi suka shigo hannunka, kafin ka je kasuwa. Mai jiran ya ga abin da zai rage a ƙarshen wata, ba zai ga komai ba.

Ina za a ajiye?

Asusu na gida yana da kyau ga kuɗin yini, amma ba wurin ajiyar shekara biyu ba ne. Ga ɓarawo, ga gobara, ga hannun mai shi. Waɗanda suka tara takardun kuɗi a ɗaki sun ga wahala a farkon 2023, lokacin canjin kuɗi. Buɗe asusun banki na daban, wanda ba shi ne na cefane ba, kuma kada ka riƙa yawo da katinsa. Mai gudun kuɗin ruwa yana da zaɓi: bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJBank a 2019, kuma dukansu ba sa harka da ruwa.

Adashi ma hanya ce mai ƙarfi, domin kunyar jama'a tana sa mutum zubi ko ba ya so. Mutum 10 masu zuba N25,000 a wata, kowa zai kwashi N250,000. Amma ka san uwar adashin, ka san 'yan zubin, a kuma rubuta jerin kwasa. Duk wanda ya ce kawo kuɗinka ya ninka maka cikin wata guda, guje shi. Haka MMM, wata harkar zuba kuɗi ta intanet mai alƙawarin riba mai yawa, ta cinye kuɗin jama'a a ƙarshen 2016.

Sai babbar matsala, tsadar kaya. A 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta haura kashi 30 cikin 100. Ma'ana, kuɗin da ke kwance suna rage daraja, filin kuma yana ƙara tsada. Don haka kowane wata shida ka sake tambayar farashi, ka gyara lissafi. Wasu sukan sayi tunkiya ko buhun hatsi da kaka su riƙe darajar kuɗinsu. Dabara ce, sai dai dabba tana mutuwa, hatsi yana ƙwari, farashinsa ma yana faɗuwa. Kada a zuba duka a wuri ɗaya. Idan kuma ajiya ta kai nisabi ta shekara, akwai zakka a kanta, a tambayi malami.

Ma'aikaci mai albashi ya duba takardar albashinsa. Wataƙila ana cire masa kashi 2.5 cikin 100 zuwa Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda aka kafa a 1992, yana hannun bankin lamunin gidaje na tarayya, FMBN. Wanda ya yi zubi na aƙalla wata shida yana iya neman rance, da ruwa kashi 6 cikin 100, a biya har tsawon shekara 30.

Ranar biya

Kada ka miƙa ko sisi sai ka je filin da ƙafarka, ka tambayi maƙwabta da mai unguwa. Tabbatar ba filin gado ba ne da magada suke rigima a kai, ba kan hanyar ruwa yake ba, ba a ƙarƙashin babbar wayar wuta ba. Dokar filaye ta 1978 ta danƙa ƙasa a hannun gwamnan jiha, don haka a duba takardu a ofishin filaye, kamar KANGIS a Kano ko KADGIS a Kaduna. A rubuta takardar ciniki da cikakken farashi, abin da aka biya, abin da ya rage, ranakun biya, da abin da zai faru da kuɗinka idan ka makara. Shaidu su sa hannu. Idan karatunka bai kai ba, je da wanda ka amince da shi ya karanta maka da ƙarfi.

Aikin gida

Wata mai sayar da ƙosai tana ajiye N800 kullum. Nawa za ta tara a kwana 30? Wata nawa za ta yi kafin ta kai N480,000?

Rubuta abin da ka kashe a wannan mako, ka zo da littafin aji mai zuwa.