Darasi na Tara: Dokokin Makarantar Firamare, Rabon Yaro da Rabon Iyaye

Ku fara karanta waɗannan kalmomi da ƙarfi, sau uku-uku, sannan ku rubuta su a littafinku: rajista, latti, fashi, izini, zango, sakamako, hedimasta, sa hannu.

A ranar 30 ga Satumba, 1999, a nan garin Sakkwato, shugaban ƙasa na wancan lokaci, Olusegun Obasanjo, ya ƙaddamar da shirin ilimin bai ɗaya na ƙasa. A 2004 aka mayar da shirin doka. Dokar ta ce kowane yaro a Nijeriya, namiji ko mace, sai ya yi shekara tara a makaranta: shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare. A makarantar gwamnati karatun kyauta ne, kuma tilas ne. Mahaifin da ya ƙi kai ɗansa, karon farko a ja masa kunne. Karo na biyu tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya. Idan ya sake, naira 5,000 ko wata biyu. Hukumar da ke riƙe da makarantun firamare a jiha ita ce ake kira SUBEB, kuma kowace ƙaramar hukuma cikin 23 da muke da su a jihar Sakkwato tana da ofishin ilimi da sakatarensa.

Na kawo wannan ne don ku san makarantar unguwarku ba alfarma take yi muku ba. Hakkin ɗanku ne. Amma hakki yana tafe da sharaɗi, kuma sharuɗɗan nan da yawansu ba a wuyan yaro suke ba. Yaro ɗan shekara shida bai san ƙarfe nawa ba. Bai san inda ake sayar da sabulu ba. Idan aka rubuta masa latti a rajista, gidansu aka rubuta wa.

Lokacin zuwa

Yawancin makarantu suna kaɗa ƙararrawa kafin ƙarfe takwas. Yara su yi shara, su jeru a fili, a yi addu'a da taken ƙasa, a duba farce da kai da tufafi, sannan kowa ya shiga aji a kira suna. Wanda ya amsa, malami ya yi masa alama. Wanda bai amsa ba, a sa masa sifiri. Ku tambayi hedimasta ainihin lokacin makarantarku, ku rubuta shi a takarda ku manna a bango. Ku tambayi lokacin tashi kuma, da na ranar Juma'a, domin ranar ana sallamar yara da wuri saboda masallaci.

Mu yi ɗan lissafi tare. Yaro yana makara da minti 30 kullum. Kwana biyar na mako, minti 150 ke nan, wato awa biyu da rabi. A mako goma sha biyu, awa 30. Kuma ba kowace awa ce ta ɓata ba, ta farko ce, lokacin da ƙwaƙwalwa take sanye, rana ba ta ɗaga ba. Duk wanda ya san zafin Afrilu a Sakkwato, sa'ad da kwanon aji ke ɗaukar wuta tun kafin sha ɗaya, ya san karatun da ya zauna a kan yaro na safe ne.

Na san abin da ke kawo lattin. Makarantar allo bayan asuba, layin ruwa, jiran koko, aiken kasuwa. Lokacin hunturu kuma, sanyi da hazo su hana kowa fitowa daga mayafi. Babu ɗaya cikin waɗannan da ya fi ƙarfin shiri. A wanke kayan makaranta tun da yamma. A haɗa jaka kafin barci. Ku je wurin malamin allo da kanku, cikin girmamawa, ku roƙe shi ya riƙa sallamar 'yan boko da ƙarfe bakwai. Malamai da yawa suna yin haka in an yi musu magana.

Fashi da takardar izini

Nan ne karatun da kuke koya zai fara biyan ku. Idan yaro ba zai je makaranta ba, doka ita ce a sanar da malami. Aika ƙaninsa da saƙon baki ba ya isa, domin yara sukan manta, wani lokacin ma sukan ƙirƙira. Layi huɗu a takarda sun wadatar. Ku kwafi wannan:

Ranar ______
Zuwa ga Malamin Aji ______
Assalamu alaikum. Ɗana ______ ba shi da lafiya, zazzaɓi yake yi. Ba zai zo makaranta ba yau da gobe. Ina neman izini. Na gode.
Sa hannu: ______

Akwai ciwon da dole a tsayar da yaro a gida saboda sauran yara: ƙyanda, ƙarambau, ciwon ido mai yaɗuwa. Makero a kai da ƙazuwa a jiki su ma a nemi maganinsu da wuri, domin yara suna zama kafaɗa da kafaɗa. Idan lokacin zafi ne, yaro ya kwanta da zazzaɓi mai ƙarfi da ciwon kai, wuyansa ya sandare, ku bar zancen takarda, ku ɗauke shi zuwa asibiti nan take. Alamun sanƙarau ke nan, kuma ba ya jira.

Amma ranar kasuwa ba ciwo ba ce. Suna a maƙwabta ba ciwo ba ne. Raino da talla ba ciwo ba ne. Wannan maganar ta fi shafar 'ya'ya mata, kuma zan faɗe ta ƙarara domin tana ci mini rai. Yarinya ta ɗauki farantin goro ko ƙwaryar fura da safe, 'yan ajinta suna koyon haɗa baƙi, ita tana bakin tasha. Na san ribar farantin nan tana shiga tukunya, ban raina ta ba. Sai dai mu mutanen garin Nana Asma'u ne, 'yar Shehu Usmanu, wadda ta naɗa jajoji, wato malamai mata, ta tura su ƙauyuka suna karantar da mata, har ta rasu a 1864 tana kan wannan aiki. Idan babu makawa sai an yi tallar, a jinkirta ta zuwa bayan an tashi daga makaranta.

Abin da ke cikin jaka

Fensir, abin goge rubutu, littattafan rubutu, gorar ruwa. A rubuta sunan yaro da ajinsa a bangon kowane littafi, kuma ku ne za ku rubuta, da hannunku. Kayan makaranta ba sai sababbi ba, amma su zama wankakku, a ɗinke inda ya yage. A yanke farce, a yi aski, a yi kitso. Kada yaro ya fita da ciki wayam, ko ɗumame ne ya taɓa. Kuɗin tara a ba shi daidai abin da zai saya. Reza, wuƙa, ashana, danƙo da waya ba su da wuri a jakar ɗan firamare.

Cikin aji kuwa, dokokin ba baƙi ba ne ga ɗan Bahaushe. A gaida malami. A ɗaga hannu kafin a yi magana. A nemi izini kafin a fita. Ba zagi, ba dambe, ba ɗaukar abin wani. Ba a rubutu a bango, ba a hawa benci, ba a fita ta taga. Yaron da ya saba durƙusa wa manya a gida ba ya shan wahalar waɗannan.

Duba littafi

Wata uwa a ajinmu na yamma ta ba mu labari, kuma ta yarda in sa shi a nan ba tare da sunanta ba. Shekara biyu ɗanta yana dawowa, tana tambayarsa, "An yi karatu?" Ya ce, "An yi, Inna." Ta ce madalla. Da ta kai ga iya karanta lambobi da ranaku, wata rana ta buɗe jakarsa tana neman murfin gora. Ta ɗauko littafin lissafi. Shafi na ƙarshe da aka rubuta, kwanan watansa ya wuce da mako uku. Bayansa farar takarda ce, sai zanen babur. Ta ce ta zauna bakin murhu da littafin a cinyarta har tuwo ya kama.

Washegari ta sa hijabinta ta bi shi makaranta. Ta yi sallama a ƙofar aji, ta ce, "Malam, ina kwana? Ni ce uwar yaron ga. Na ga littahinai babu aiki, shi na zo in ji mi ya hwaru." Malamin ya fito da rajista ya buɗe mata. Ta bi layin sunan ɗanta da yatsa, ta ga sifiri a jere. Ashe yana fita da jaka, ya tsaya wurin masu wasan ƙwallo a bayan unguwa, in an tashi ya biyo ayari. Malamin ya ce, "Hajiya, na aika sau biyu a kira mahaihinai, ba wanda ya zo." Saƙon ta hannun yaron aka ba da shi.

Daga ranar suka yi yarjejeniya. Kowace Alhamis tana sa hannu a ƙasan shafin ƙarshe, malamin yana ganin sa hannun ranar Juma'a.

Ba sai kun iya Turanci ba kafin ku duba littafi. Abu uku za ku nema. Kwanan wata a saman shafi: na yau ne ko na jiya? Jan biro: malami ya duba aikin? Sai maki, kamar 6/10, wato ya ci shida cikin goma. Idan mako ya wuce babu jan biro ko ɗaya alhali yaro yana zuwa, to tambayar ta koma kan malami, kuma kuna da damar yin ta. Aikin gida kuwa, ku ba yaro wuri da haske da rabin awa ba tare da aike ba. Kada yayansa ya yi masa. Gara ya kai kuskurensa, malami ya ga inda bai gane ba.

Katin sakamako

Shekarar karatu zango uku ce, kuma a ƙarshen kowane zango ana ba da kati. Mutane sukan tsallake komai su tafi wurin "na nawa ya zo?" Ku fara da gidan halarta: kwana nawa aka buɗe makaranta, kwana nawa ya zo. Sannan makin kowane darasi, wanda ake haɗawa daga gwaje-gwajen cikin zango da jarrabawar ƙarshe, jimilla 100. Sannan bayanin malami. A ƙasa akwai ranar komawa. Ku rubuta ta a bango, domin makon farko na zango shi ne wanda iyaye suka fi yi wa sakaci, suna cewa ai ba a fara komai ba. Ba a farawa ne saboda ba a turo yaran ba.

In an sami saɓani

Yaro zai dawo wata rana yana kuka, ya ce malam ya buge shi. Kada ku ɗauki sanda ku nufi makaranta, kada kuma ku zagi malamin a gaban yaron. Ku bar zuciya ta huce, ku je ku ji ta bakin malami. Horo da shara ko tsayuwa abu ne da aka sani. Amma dukan da ya fasa jiki, ko ya taɓa ido ko kunne, ba tarbiyya ba ce, kuma ba a yin shiru a kansa. Hanyar ƙorafi hawa-hawa ce: malamin aji, sai hedimasta, sai kwamitin kula da makaranta na unguwa, wanda ake kira SBMC, sai ofishin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma.

Haka zancen kuɗi. Dokar 2004 ta hana karɓar kuɗin makaranta a firamaren gwamnati. Idan yaro ya ce an ce a kawo kuɗi, ku tambaya na mene ne, wa ya yanke, kuma ku nemi rasit. Gudummawar da iyaye suka amince da ita a taronsu, don gyaran rijiya ko sayen tabarma, wannan daban ce, shi ya sa zuwa taron iyaye da malamai yake da muhimmanci. Wanda bai je ba, an yanke da shi ba ya nan. Iyaye mata ma su je. Su ne suka san ƙarfe nawa yaro ya tashi da abin da ya ci.

Ku bar wa malamin aji lambar wayar da ake samunku, ku karɓi tasa. Idan yaron ƙarami ne, ku gaya wa malamin wanda zai riƙa zuwa ɗaukarsa, don kada a miƙa shi ga wanda ba a sani ba.

Aiki

1. Rubuta sunan ɗanka ko 'yarki, da aji, da sunan makaranta, kamar yadda za a rubuta a bangon littafi.

2. An buɗe makaranta kwana 60 a zango. Yarinya ta zo kwana 48. Kwana nawa ta yi fashi? Mako nawa ke nan, idan mako kwana biyar ne?

3. Yaro ya ci 28 a gwaji, ya ci 35 a jarrabawa. Nawa ne jimillar makinsa?

4. Rubuta takardar neman izinin kwana ɗaya, ba tare da duba misalin da ke sama ba.

5. A daren yau, buɗe littafin lissafin yaron gidanku. Kwafo kwanan watan da ke shafin ƙarshe da makin da ke wurin, ka zo da su aji ranar darasi na gaba.