Odar Iska a Ƙaramar Mota: Kurakuran Ɗaurawa da Yadda Ake Gyara Su

Duk mai bin hanyar Kano zuwa Zariya da ƙaramar mota ya san abin da ke sa mutum ya nemi oda mai ƙarfi. Kana bayan tirela kana son wucewa, ka danna odar da ta zo da motarka, direban da ke can sama cikin rugugin inji bai ma san kana yi ba. Shi ya sa odar iska ke da kasuwa a Ƙofar Ruwa da Panteka. Kwalin kan zo da ɗan kwamfuresa, da kakaki biyu ko uku, da tiyo, wani lokaci har da rile, wato ɗan makunnin da ƙaramar wuta ke tadawa don ya saki babbar wuta. Ɗaura ta ba wuya, amma da yawa daga waɗanda ke mutuwa cikin 'yan makonni ba kayan ne suka gaza ba, haɗin wutar aka yi da ka.

Kuskuren da ya fi kowanne tsada shi ne a cire tsohuwar oda a jona kwamfuresa a kan wayarta kai tsaye. Odar kamfani wutar da take ja ba ta cika wuce amfiya 5 ko 6 ba. Kwamfuresa kuwa yana jan 15 zuwa 20, kuma a daidai lokacin da ya fara juyawa yakan zarce haka. Siririyar wayar nan ba don wannan nauyi aka yi ta ba. Sai ka ji odar ta fito a shaƙe, ko fiyus ya riƙa ƙonewa, ko wayar ta ɗau zafi har robarta ta narke a cikin ƙullin sauran wayoyi inda ido ba ya kaiwa. A tsofaffin motocin da wutar oda ke bi ta madannin sitiyari, madannin ne ke ƙonewa. A sababbi kuwa, inda ƙwaƙwalwar mota ce ke ba oda wuta, ɓarnar na iya kaiwa gare ta, kuma kuɗin gyaranta ya ninka na odar sau da yawa.

Maganin wannan shi ne rile mai volt 12, mai ɗaukar amfiya 30 ko 40. Juya shi za ka ga lamba kusa da kowace ƙafa: 30, 85, 86, 87. Lamba 30 ita ke karɓar wuta daga batir ta sabuwar waya mai kauri, aƙalla mai milimita 2.5. Lamba 87 ta kai wutar ga kwamfuresa. Sauran biyun, 85 da 86, su ne na tsohuwar wayar oda, wadda yanzu aikinta kawai ta tada rile, kuma wannan ko amfiya ɗaya bai kai ba. Idan tsohuwar odar mai waya biyu ce, ɗaya ta tafi 85 ɗaya ta tafi 86, shi ke nan. Idan mai waya ɗaya ce, to ta jikin mota take kammala zagayenta, sai a kai wayar 86, a ɗaure 85 a jikin ƙarfe. Kada mai rewaya ya yi maka wannan da hasashe. Ya ɗauko fitilar gwaji ya taɓa wayar kana danna oda, don wasu motocin madanninsu wuta yake sakewa, wasu kuma ɓangaren jikin mota yake haɗawa. Bayan gwajin kuma, kafin a fara haɗi, a cire kan batir mai alamar ragi.

Sai fiyus. Wasu ba sa sawa ko kaɗan, wasu su sa shi can kusa da kwamfuresa. Fiyus waya yake karewa, don haka wurinsa dab da batir ne, kamar ɗani guda daga kansa. In wayar ta gogu da ƙarfe ta fashe a tsakiya, fiyus ɗin da ke can ƙarshe ba abin da zai hana, wuta za ta ci gaba da kwarara har wayar ta yi ja. Girmansa a bi abin da kwalin ya ce, yawanci 20 ko 25. Abin da ya fi ɓata min rai shi ne in fiyus ya ƙone sau biyu ka ji an ce, "Alhaji, bari a sa masa babba," ko a naɗa masa zaren tagulla. Fiyus ɗin da ke ƙonewa gaya maka yake akwai matsala a layin. A nemo ta.

Wayar kwamfuresa da ke komawa jikin mota ma ana raina ta. Ana ɗaure ta a kan fenti ko tsatsa, odar ta yi yau gobe ta ƙi. A kankare wurin har farin ƙarfe ya fito, a ɗaure da noti, kuma kaurinta ya zama daidai da na wayar batir. Haɗin da aka murɗe da yatsu aka naɗe da salatif ba ya jure zafin bonet da ramukan hanya.

Tun a shago wasu ke yin kuskure. Manyan motoci volt 24 suke amfani da shi, ƙananan kuma 12. Kwamfuresa mai 24 a jikin Corolla ko Golf gurnani kawai zai yi. Dogayen kakakin tirela kuwa daga tankin iskar birki suke sha, ƙaramar mota ba ta da wannan tankin, ɗan kwamfuresa kuma ba zai iya busa su ba.

Wurin ɗaurawa shi ma yana da nasa. Kwamfuresa ya tsaya a tsaye, nesa da zafin salansa, a inda ruwan taya ba ya fantsamo masa. Bakin kakaki ya kalli gaba, ya ɗan sunkuya ƙasa, don ruwan damina ya zube maimakon ya kwanta a ciki ya kashe muryar. Kada a jera su su tare wa lagireto iska. Tiyo ya zama gajere ba lanƙwasa, domin in ya yi tsawo sai ka danna ka jira kafin ƙarar ta fito, kuma a kan hanya wannan ɗan jinkirin ba ƙarami ba ne. Da hunturu ƙura kan shiga ta mashaƙar kwamfuresa, a riƙa share ta. Ka kuma gaya wa masu wankin mota kada su harba ruwa cikin kakakin.

Kada lambar da ke jikin kwali ta ruɗe ka. Za ka ga an rubuta desibel 300, alhali a cikin iskar da muke shaƙa sauti ba ya wuce kimanin 194 ya ci gaba da zama sauti. Ainihin ƙarar ma ta isa ta yi lahani, don daga 120 kunne ke fara ciwo. Saboda haka kada wanda kansa ke cikin bonet ya ce a danna, kuma a janye yara kafin gwaji.

A ganina cire tsohuwar oda gaba ɗaya ma kuskure ne. A cikin gari, bayan mai Adaidaita Sahu ko ɗan acaɓa da goyo, ko a bakin asibiti, odar iska firgita mutum take, wanda ya firgita kuma yakan kauce ta inda bai kamata ba. A bar ta kamfani a wurinta, a sa ɗan makunni a gaban direba da zai zaɓi wadda za ta yi ƙara. Wannan na kuma gyara wata matsalar: motocin da ke ɗan buga oda in an kulle su da rimot kan daina idan odar iska kaɗai aka bar musu, don kwamfuresa ba ya samun lokacin tara iska.

Idan an gama haɗi ta ƙi yi, a kasa kunne wajen rile. In bai yi ƙas ba, matsalar tana 85 da 86. In ya yi ƙas kwamfuresa bai juya ba, a duba fiyus da wayar jikin mota. In kwamfuresa na juyawa ba ƙara, tiyo ne ya zame ko ya fashe, ko kuma an juya masa wayoyinsa biyu.