Yadda ake gane tsohuwar rediyo, da yadda ake gwada ta da 'yar'uwarta

Duk wanda ya kawo mini tsohuwar rediyo yana son sanin ko ta asali ce, kifa ta nake fara yi. Sunan da ke goshinta ba shaida ba ne. Ana ɓamɓaro tambarin National daga matacciyar rediyo a liƙa wa wata da gam, ana kuma ƙero sabbi da suna mai kama da Panasonic, an ƙara harafi ɗaya a tsakiya, sai ka ƙura ido za ka gani. Abin da ba a iya liƙawa shi ne rubutun baya, da gilashin allura mai lambobin tashoshi, da abin da kunnenka zai jiyo maka bayan magariba.

Mu da wannan ciwo ya kama a Birnin Kebbi ba mu da yawa. Rumfar wani dattijo mai gyaran rediyo ce majalisarmu, kayan kuwa daga ko'ina suke fitowa: kasuwar Jega, 'yan gwanjon da ke shigowa ta Kamba, da kuma adakar gidajen da aka raba gado, inda rediyon da Alhaji ya yo tsaraba daga Jidda take kwance cikin rigarta ta fata.

A bayan rediyo, ko a ƙarƙashinta, akwai lambar samfuri, kuma haruffan da suka fara lambar suna magana. A wajen Sony, TR alamar tsofaffin farko ce, TFM na nufin an ƙara FM, ICF kuma su ne na baya da aka fara sa wa ƙaramin guntun da ya haɗa tiransistoci da yawa wuri guda. A wajen National, R ita kaɗai tana nufin ba FM, matsakaicin zango ne da gajere. RF akwai FM. RX kuwa rediyo mai kaset ce. In ka ga an rubuta National Panasonic a haɗe, mafi yawa kayan shekarun 1970 ne zuwa farkon 1980. Kamfanin da ke yin su Matsushita ne na Japan, sai a 2008 ya mayar da sunansa Panasonic gaba ɗaya, don haka ganin Matsushita Electric a baya alama ce mai kyau. A yi hattara da RF-562: fasalinta na da ne, har da rigar fata, amma an ci gaba da ƙera ta har wannan zamani, kuma na ga ana sayar wa mutane ita da sunan kayan tarihi.

Sunan ƙasa ma yana yanke gardama. Made in West Germany ba za ta wuce 1990 ba, shekarar da Jamus ta haɗe. Made in USSR ba za ta wuce 1991 ba. Irin waɗannan na Rasha da ke faɗo mana jefi-jefi, kamar VEF 206 da aka ƙera a Riga, na fitarwa waje ne, shi ya sa suke da mita 13 da 16 da 19. Waɗanda aka yi wa 'yan ƙasa a mita 25 suke tsayawa.

Kafin ka bar bayan, karanta wutar da take sha. Wutarmu 230 ce. Rediyon da aka yi don Japan 100 take so, ta Amurka 120, in ka soka ta a bango kai tsaye hayaƙi ne zai ba ka amsa. Wasu suna da ɗan makunni na zaɓen wuta, a tabbata yana kan 220 ko 240. Haka ramin adafta: tsofaffin Sony da yawa tsakiyar raminsu nagetif ne, akasin yawancin adaftocin da ke kasuwa yanzu. Akwai ɗan zane kusa da ramin da ke nuna haka. Ni dai ƙa'idata, baƙuwar rediyo da batir nake fara kunna ta.

Gilashin allura shi ya fi ba ni nishaɗi, domin a nan shekarun rediyo suke fitowa fili. In ka ga kc da Mc maimakon kHz da MHz, kana riƙe da kayan da ba su wuce farkon shekarun 1970 ba. In ka ga wasu ƙananan alamomi biyu masu kusurwa uku a kan 640 da 1240 na matsakaicin zango, an yi ta ne don kasuwar Amurka tsakanin 1953 da 1963, lokacin da suke tsoron harin nukiliya suka ware waɗannan wurare don sanarwar gaggawa. In FM ɗinta ta fara daga 76 ta tsaya a 90, ta cikin gidan Japan ce, kuma a nan kusan kurma ce a FM, tunda namu daga 87.5 ne zuwa 108. Equity FM ta nan Birnin Kebbi ma ba za ka same ta ba. Grundig ta Jamus kuwa maɓallanta U, K, M, L ne: U ita ce FM, K gajeren zango, M matsakaici, L dogo. Dogon zangon nan ba abin da zai tsinana maka a Kebbi, kada mai sayarwa ya ƙara maka kuɗi a kansa.

Rashin FM ba aibu ba ne. Rediyoyin da aka riƙa kawo mana a wancan lokaci MW, SW1, SW2 ne, wato matsakaicin zango da gajeru biyu, saboda abin da iyayenmu ke nema ke nan: Kaduna a kan 594 da kuma 6090 cikin mita 49, Rima daga Sakkwato, BBC da ta fara Hausa a 1957, Jamus a 1963, Muryar Amurka a 1979. Sau da yawa za ka tarar mai rediyon ya ɗiga jan fenti ko ya karce gilashin daidai inda tasharsa take. Kada ka goge. Wannan ɗigon yana gaya maka ko allurar ta goce daga inda take a da.

Kada adadi ya ruɗe ka. Rubutun 10 Transistor ko 14 Transistor a gaba ba ya nufin ta fi mai shida. A shekarun 1960 akwai masu ƙira da suka riƙa cusa tiransistocin da ba sa aikin komai don lambar ta yi kauri. Haka batun zango goma ko goma sha biyu irin na Kchibo: gajeren zangon ne aka yayyanka gida-gida don kamun tasha ya yi sauƙi. Abu ne mai amfani, amma ba shi ne ƙarfin ji ba.

Sai gidan batir, wanda shi ne haƙoran rago a kara. Buɗe ka leƙa. Farin gari ko kore a jikin sifirin alama ce batir ya taɓa fashewa a ciki. In a sifirin kaɗai ya tsaya, ɗan ruwan tsami na kanti a auduga da goga zai fitar da shi. In ya gangara ya ci allon ciki, sai ka saye ta da kuɗin kayan gyara. Rubutun UM-1, UM-2, UM-3 salon Japan ne na da: UM-1 babban batirin tocila, UM-2 matsakaici, UM-3 ƙarami irin na agogon bango. Masu cin UM-2 suna ba da wahala, domin samun matsakaicin batir a nan sai an sha yawo.

In mai kaya ya yarda a kwance bayan, abu uku nake dubawa. Tiransistoci masu rigar ƙarfe kamar 'yan gwangwanaye na farkon zamani ne, baƙaƙe na roba sun biyo baya. Sai baƙin sandan nan da aka naɗe da siririyar waya, wanda shi ne eriyar matsakaicin zango. Gwargwadon tsawonsa, gwargwadon nisan jinta, in kuma ya karye an ɗaure da zare to an rage mata kunne. Na uku sawun dalma. Dalmar kamfani ƙanana ce masu sheƙi iri ɗaya, ta mai gyara kuwa tuli-tuli. Gyara ba laifi ba ne, amma ka san an shiga.

Dattijon namu yana da nasa ma'auni. Na taɓa miƙa masa wata ƙarama na ce, “Baba, wagga hwa?” Ya ɗaga ta a tafin hannu ya ce, “Ɗana, waɗanda anka yi dauri ba a yi musu rowar ƙarhe ba. Wagga iska ta.” Yana da gaskiya a kan yawancinsu, amma a nan muke saɓawa. Sony ICF-7600 ta 1977 girmanta bai wuce ƙaramin littafi ba, kuma a gajeren zango tana kunyata manya masu nauyin dutsen niƙa da yawa.

Gwaji na gaskiya sai an jera biyu. Rediyo ɗaya ita kaɗai kullum gwana ce. Sa wa kowacce sabon batir iri ɗaya, domin batir mai rauni yana sa tasha ta riƙa zamewa, ka zargi rediyo a banza. Fita tsakar gida ko bayan gari, nesa da cajar waya, da injin sola, da fitilun zamani masu farin haske; waɗannan su ne ke cika gajeren zango da shuu a yanzu, har mutane ke cewa tsofaffin rediyoyi sun daina kamawa. Ja eriyoyin su yi tsawo ɗaya. A matsakaicin zango eriyar waje ba ta aiki, rediyon kanta za ka riƙa juyawa har muryar ta fito.

Lokaci yana da hukunci. Da rana ƙananan lambobin mita ke tafiya, wato mita 16 da 19; in rana ta faɗi sai mita 31 da 41 da 49 su buɗe, matsakaicin zango kuma ya fara kawo tashoshin nesa. Wanda lissafin mita da MHz ke rikitawa, ya raba 300 da lambar MHz: 15 ta ba ka mita 20, kusa da 19 ke nan, 6 ta ba ka 50, unguwar 49. Da damina, in hadari ya haɗu, a haƙura da gwaji, tartsatsin walƙiya zai rufe komai.

Kada ka gwada su da tasha mai ƙarfi, wannan ko ta naira kaɗan za ta kama. Nemo mai rauni, wadda muryar ke zuwa tana komawa, ka saurara a wannan, ka saurara a waccan. Sannan nemo wuri mai cunkoso a mita 31 da dare inda tashoshi biyu ke gogayya, ka ga wacce za ta raba su. Bayan haka bar kowacce a kan tasha guda kamar tsawon shan shayi. Wadda sai ka yi ta bin ta da murɗawa tana da zamiya. Akwai kuma wata cuta da ba kowa ya san ta ba: ka ji tasha ɗaya a wuri biyu. Yawancin ƙananan rediyoyi suna sauya siginar sau ɗaya ne zuwa 455 kHz, sai inuwar tashar ta bayyana da tazarar ninki biyu na wannan, wato 910. Tashar da ke 9.700 MHz sai ka sake jin ta wajen 8.790, inda ba kowa. Masu sauyawa sau biyu ba su cika yin haka ba, kuma dalilin tsadarsu ke nan. Ƙarar ƙaraf-ƙaraf in ana murɗa sauti ko sauya zango kuwa ƙurar hunturu ce kawai, maganin fesawa na masu gyara yana kore ta. Zaren allura in ya tsinke ana ɗaurawa. Lasifika mai kakkaɓi ana canzawa, sai dai muryar ba ta komawa daidai.

Gardamar da ba ta ƙarewa a rumfarmu ita ce ta National Panasonic RF-2200 da Sony ICF-5900, sa'o'in juna daga tsakiyar shekarun 1970, dukansu masu sauyawa sau biyu a gajeren zango. Ta National tana da eriya a ka wadda ake juyawa ba tare da an motsa rediyon ba, tana cin manyan batura huɗu, muryarta cike take, kuma a matsakaicin zango da dare ban ga wadda ta kamo ƙafarta ba cikin abin da ya ratsa hannuna. Lagonta makunnin sauya zango, yana yawan datti. Ta Sony batura uku take ci, ta fi ƙanƙanta, amma kamun tasha daidai lamba a cikinta sai an bi matakai da haƙuri. Ni ɗan National ne, ban ɓoye ba.

Masu lambobi a allo wani gida ne daban. ICF-2001 ta 1980 ta zo da maɓallan danna lamba kamar kalkuleta, sai dai cin batirinta ya yi suna. ICF-2001D ta 1985, wadda a Amurka ake kira 2010, ta gyara wannan sosai, ta kuma zo da dabarar da ke rage shiga-da-fitar murya; an yi ta ƙera ta har 2003. Mai ita ya kiyayi ɗaura mata doguwar waya a kan rufi, musamman da hunturu, domin tartsatsin busasshiyar iska yana kashe tiransiston farko, sai ta koma jin manyan tashoshi kaɗai. In an kawo maka ita kuma gajeren zangonta ya yi sanyi, wannan za ka fara zargi. Irin waɗannan in an saita su da matakin 10 kHz na Amurka a matsakaicin zango, a mayar da su 9, in ba haka ba za su riƙa tsallake 594 ta Kaduna. Ƙananan Sony na ƙarshen shekarun 1980 kamar ICF-SW1 kuwa kafasitocinsu suna yoyo, kuma gyaransu ya fi ƙarfin kayan aikin yawancin rumfunanmu, don haka ba na ba sabon shiga shawarar su.

Grundig Satellit da Yacht Boy murya suke sayarwa. In waƙa ko karatu kake so ka ji kamar mai yin yana ɗakin, su ne. Kayan gyaransu ne babu.

Wanda zai fara, ya nemi National mai zango uku mai cin manyan batura, wadda gidan batirinta ke da tsabta, eriyarta ba ta karye ba, murfin batir yana nan. Murfin nan da kan murɗawa su ne ba a samu a ko'ina, don haka rashinsu ya isa ka rage rabin tayi. Rubuta lambar samfurin da abin da ta kama a kowane zango a ɗan littafi, don ka sami abin jerawa in wata ta zo. In za a ajiye ta fiye da wata guda a cire batir, a sa ta cikin jakar yadi ba leda ba, kuma kada a bar ta kan taga inda ranar Afrilu za ta lanƙwasa gilashin.